Yadda za ka gwada manhajarka da mutanen gari kafin ka sake ta

Bara waccan na haɗa wata ƴar manhaja ta adashe don matan unguwarmu a nan Tawa. Abu ne mai sauƙi, uwar adashe ta sa wa ta zuba, nawa ta zuba, wa ke da kwasa wannan satin. Wata uku ina kanta, na nuna ma abokai a fada kowa ya ce ta yi kyau. Ranar da na kai ma uwar adashen, dattijuwa ce mai saida ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, muna zaune sai ga wata ta kawo zubinta, na ce inna bismillah, sa mata a ciki mu gani. Ta tambayi matar nawa ne, ta ce ɗari. Inna ta danna 1, 0, 0, manhaja ta rubuta 100 F, alhali kuɗin da ke tafin hannunta 500 F ne.

Inna ba ta yi kuskure ba ko kaɗan. Ɗari a bakinmu dala ɗari ce, dala kuma sefa 5 ce, ni kaina haka nake ciniki a kasuwa, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na koma lissafin lakkol na manta da na gida. Da an ci gaba a haka, ƙarshen wata sai an yi rigima tsakanin mata da suka shekara goma suna adashe lafiya lau da littafi da biro.

Akwai fannin ilimi guda da ke nazarin irin wannan, wato mu'amalar ɗan adam da kwamfuta, ya kafu sosai tun farkon shekarun 1980. Ɗaya daga cikin manyansa, Don Norman na Amurka, tun 1988 yake nanata cewa in mutane suna ta kuskure wajen amfani da abu, a tuhumi ƙirar abin kafin a tuhumi mutanen. Ga yadda nake bi yanzu, kuma ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, takarda ce da fensir da haƙuri.

Mataki na 1: ka san wa kake yi ma, da tambayar da kake son amsa

Ka rubuta a layi ɗaya. Kar ka ce manhajata ta kowa ce, abin kowa ba na kowa ba ne. Ka ce misali ta uwar adashe ce mai mata ashirin, ko ta dillalin albasa da ke tsakanin manoman Galmi da masu manyan motoci, ko ta tsohon da ɗansa ke bida a Abijan yana aiko mai kuɗi. Sai tambayar, misali, uwar adashe za ta iya sa zubin mutum ɗaya ita kaɗai ba tare da ta kira jikanta ba? Shi ke nan, wuce gaba.

Mataki na 2: ka je ka zauna inda ake aikin

Wannan shi mutane suka fi tsallakewa, don suna ganin ai ni ɗan gari ne na san komai. Ka ajiye manhajarka a gida, ka je ka kalli yadda ake aikin yau ba tare da kai ba. Kafin nan ka nemi izini ta hanyar da ta dace, in ƙauye ne ka fara da mai gari, in gidan aure ne ka gaida maigida ka yi mai bayani, kuma in da mata za a yi aiki to ka samu ƴar'uwa mace ta jagoranci zaman, don abin da mace za ta faɗa ma mace kan kuɗinta ba za ta faɗa ma saurayi baƙo ba, balle in mijinta na tsaye a bakin ƙofa. Ka faɗa ma mutum da Hausa mi kake yi, mi za ka rubuta, ko za ka ɗauki murya, kuma yana da damar ya ce a'a ko ya tashi a tsakiya ba komai. Kar ka ɗauki hoton fuska ko lambar waya in ba dole. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma ko babu doka amana ce.

Abin da za ka sa ma ido: wace irin waya ce a hannunsa, Tecno ko Itel mai shafawa ce ko ƴar ƙarama mai maɓallai, gilashin ya tsage ko lafiya, tasa ce shi kaɗai ko ta gida ce kowa na ɗauka, ina yake sharji kuma nawa yake biya, farfe na kwana yake saye ko na sati, in saƙo ya shigo shi ke karantawa ko yaro yake kira. Ka duba yadda yake gane lambar mutum in bai iya karatu ba, wasu da lambobi biyu na ƙarshe suke ganewa, wasu da hoton WhatsApp. Ka roƙa a nuna maka littafin bashi ko na adashe, za ka ga zane-zane da alamomi da mai littafin ya ƙirƙiro ma kansa, wannan littafin ya fi duk wani samfuri da za ka sauko da shi daga intanet, domin shi ne tsarin da ya riga ya zauna a kan mutumin.

Kuma kar ka tambayi mutum mi kake so manhaja ta yi maka, zai ce duk abin da ka yi daidai ne. Ka ce mai ba ni labarin ranar ƙarshe da aka aiko maka kuɗi, daga sanda waya ta yi ƙara har kuɗi suka shiga aljihunka. A cikin labarin za ka ji inda ya sha wahala, ya hau kabu-kabu har sau biyu, ya tarar ba rezo, ya ba yaron shago lambar sirrinsa don ya cire mai.

Kar a ɗauka irin wannan bincike sai Turai. A 2010, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu hannu da hannu wasu ta waya da tsarin Zap na kamfanin Zain, kuma Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan aikinta suka bi diddigi. Sun samu cewa gidajen da suka karɓa ta waya sun rage ɓata lokaci wajen tafiya da jiran layi, abincinsu ma ya fi bambanta. Mutanenmu na karkara sun daɗe da nuna za su yi amfani da waya in abin ya yi musu amfani.

Mataki na 3: ka gyara maganar kuɗi da harshe tun kafin zane

Nan zan daɗe don nan na faɗi. Dala ashirin 100 F ce, ɗari 500 F, jikka 1000 F, jikka biyar 5000 F. Wanda ya yi lakkol yana juya wannan a kansa ba tare da ya lura ba, wanda bai yi ba kuma lamba ɗaya yake gani a takardar kuɗi, wata daban yake faɗa da baki. Abin da ya yi mana aiki shi ne muka daina sa inna ta rubuta adadi, muka jera mata hotunan kuɗin kansu, ta taɓa ta jikka sau biyu ta taɓa ta ɗari sau ɗaya, kamar yadda take ƙirgawa a kan tabarma, a ƙasa manhaja ta nuna 2500 F kuma murya ta ce jikka biyu da ɗari. In ta taɓa fiye da yadda take so, ta sake taɓa takardar a cikin tarin sai ta fita. Tun daga ranar ba ta ƙara kiran kowa ba.

Sai harshe. Yawancinmu menu na Faransanci muke sawa don shi muka saba gani, valider, annuler, solde, kuma mutane da yawa sun haddace wurin da kalmar take ne ba ma'anarta ba. In za ka sa Hausa, ka sa wadda ake faɗa a bakin shago, tura, cire, saura nawa, koma baya, fasa. Kar ka je ƙamus ka ɗauko kalmar da ko kai ba ka taɓa jin wani ya furta ba. Kuma kalmar aro da ta riga ta zauna kamar kod ko kredi ka bar ta, ba laifi ba ne. Ka tuna a Tawa akwai masu Tamajak da Fulfulde, akwai kuma wanda ajami yake karantawa ba boko ba, shi ya sa murya ta fi rubutu kai wa ga kowa, ka dubi yadda vokal ya mamaye WhatsApp a garin nan.

Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalor ta Indiya sun yi shekaru tun wajen 2006 suna gwaji da mutanen da ba su yi karatu ba, abin da suka gano ya yi daidai da abin da na gani da idona: zanen hannu mai nuna mutum yana aikin tare da murya ya fi ƴan alamomin nan da muka saba, lambobi ba su cika ba mutane wahala kamar haruffa ba, menu mai shiga cikin menu kuma yana ɓatar da mutum. Alamar ambulan ko ta kwandon sayayya irin na manyan kantuna ba ta cewa komai ga wanda bai taɓa ganin su ba.

Wani ƙaramin abu, wurin neman suna. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, a Najeriya 'y, mafi yawan mutane kuma a waya k da d da b kawai suke bugawa ba ƙugiya. Ka tabbatar wanda ya buga Dan Ladi ya samu Ɗan Ladi.

Mataki na 4: ka zana a takarda

Ka yanka kwali daidai girman waya, kowane shafi na manhajar takarda guda, ka zana da baƙin alƙalami mai kauri. Kar ka ƙawata. Amfanin takarda biyu ne, za ka iya yaga ta ka sake cikin minti biyar, kuma mutum ba ya jin nauyin kushe ta kamar yadda zai ji in ya ga abu mai sheƙi da aka sha wahala a kai. Manhajojin zana shafuka a kwamfuta irin su Figma sai daga baya. Kowane shafi aiki ɗaya, kuma a kowane shafi a ga hanyar komawa baya.

Mataki na 5: gwaji da mutum biyar

Me ya sa biyar? Wasu masu bincike biyu, Jakob Nielsen da Tom Landauer, sun yi lissafin a 1993, daga baya Nielsen ya yaɗa shi, cewa mutum biyar na tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da ke cikin abu, bayan nan sai ka riƙa ganin matsala ɗaya tana maimaituwa. Shawararsa ita ce gara ka yi zagaye uku na mutum biyar-biyar kana gyarawa a tsakani da ka tara goma sha biyar a zama ɗaya. Amma in masu amfanin iri biyu ne, misali uwar adashe da masu zubi, to kowane ɓangare ka nemo uku ko huɗu. Kuma biyar ɗin su zama irin mutanen da ka rubuta a mataki na 1, ba abokanka ɗaliban jami'ar Djibo Hamani ba, su ko menu ya karkace za su gano hanya.

Ku je ku biyu ko uku. Ɗaya na magana da mutumin, ɗaya na rubutu bai cewa uffan, in takarda ce na ukun shi ne kwamfutar, mutum ya taɓa maɓalli da yatsa sai ya canza mai takarda. Mutum ɗaya-ɗaya za ku gani, a inuwa, nesa da taron yara, don in jama'a sun kewaye dattijo ba zai yarda a ga ya kasa ba. Minti ashirin zuwa talatin ya isa, kar ka zo ranar kasuwa da hantsi ko dab da sallah.

Ka fara da cewa baba, ba kai muke gwadawa ba, abin nan muke gwadawa, duk inda ya ba ka wahala laifinsa ne kuma taimakonmu ka yi in ka nuna mana. Sai ka ba shi aiki da labari, ba umarni ba. Kar ka ce danna koren maɓalli ka tura, ka riga ka ba shi amsa. Ka ce ɗanka na lakkol a Yamai ya kira yana son jikka biyar, ga waya, yaya za ka yi? Ka roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa da ƙarfi yana yi.

Daga nan ka kama bakinka. Wallahi wannan shi ne mafi wuya a duk aikin, za ka ga yatsan tsoho na yawo a saman maɓallin da yake nema, ya wuce shi ya dawo ya sake wucewa, hannunka har ƙaiƙayi yake ka nuna mai, to kar ka nuna, domin ranar da zai yi a gida ba ka nan. In ya ɗago ya ce ɗana nan zan taɓa? ka ce baba kai a ganinka in ka taɓa nan mi zai faru? Amsar da zai ba ka ita ce abin da ka zo nema. In ka ga ransa ya fara ɓaci ka tsayar, ka ce madalla wannan ya nuna mana abin da za mu gyara, ku wuce aiki na gaba.

Sai maganar kunya da kara, wadda mu ta fi shafa. Mutumin kirki ba zai dubi idonka ya ce aikinka bai yi ba, zai ce ya yi kyau Allah ya sa albarka, ko da bai gane komai ba. An ma auna wannan, a 2012 Nicola Dell da abokan aikinta sun nuna ma mutane a Bangalor abu biyu iri ɗaya sak, aka ce ɗaya mai tambayar ne ya ƙera, sai mutane suka fi zaɓar nasa da kusan ninki biyu da rabi, da mai tambayar ya zama baƙo ɗan ƙasar waje mai tafinta kuma abin ya kai wajen ninki biyar. Don haka kar ka ce ni na yi, ka ce an ba mu ne mu gwada mu kai gyara, in hakan gaskiya ne a ƙungiyarku, ko kuma ka sa abokin da bai sa hannu a ƙirar ba ya ja zaman kai ka koma rubutu. Kar ka tambaya ya yi kyau? Ka ce in za ka koya ma maƙwabcinka, ina ne za ka ce mai ya yi hankali? Ta nan mutum ke faɗin gaskiya ba tare da ya ji ya ci fuskarka ba. Kuma abin da hannunsa ya yi shi za ka rubuta, ya fi abin da bakinsa ya ce.

In an gama ka yi godiya ka ba shi ɗan abin da ya dace da lokacin da ya bari, kredi ko sabulu ko kuɗin goro, kowa daidai da kowa, wanda ya iya da wanda ya kasa.

Mataki na 6: ku zauna a ranar ku tace

Kar ku bari ya kwana, za ku manta. A kowane aiki ku rubuta mutum nawa suka gama su kaɗai, nawa sai da taimako, nawa suka kasa, da daidai wurin da kowa ya tsaya. Sai ku jera matsalolin, ni kashi uku nake yi: wadda za ta sa mutum asarar kuɗi ko ta tona asirinsa, wadda ke hana shi gama aikin, da wadda ke ba shi haushi kawai. Ta farko ko mutum ɗaya ta kama a gyara ta kafin komai. Launi da ado su jira.

Mataki na 7: ka sa a waya ta gaske, mafi rauni da ka samu

Yanzu ne za ka buɗe kwamfuta. Ka gwada a tsohuwar Itel mai cikakken ciki, ba a wayarka ba, kuma ka fita da ita tsakar rana a watan Afrilu ka ga ko ana ganin rubutun, toka-toka a kan fari ɓacewa yake yi a hasken Tawa. Ƙa'idar WCAG, wadda ake bi don shafukan intanet su yi sauƙin amfani ga kowa, ta ce bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, akwai shafuka kyauta da ke auna maka. Maɓalli ya zama babba, Google na ba da shawarar 48dp, wajen milimita 9 ke nan, kuma tun 1954 wani mai bincike, Paul Fitts, ya nuna cewa ƙaramin abu mai nisa ya fi cin lokaci kafin hannu ya same shi. Ka tuna yatsan manomi da ya sha fartanya ba irin naka ba ne. Tura da fasa kar su manne da juna, kuma kar ka dogara da ja da kore kaɗai, ka haɗa da hoto.

Rezo kuma dole ka ɗauka zai yanke a tsakiyar aiki. Masu bincike sun daɗe da sanin cewa in abu ya wuce daƙiƙa 1 mutum na jin jinkirin, in ya kai 10 hankalinsa ya tafi, a wajenmu kuma abin da ke biyo baya shi ne ya sake dannawa, kuɗi su tafi sau biyu. Da an danna tura maɓallin ya mutu, a nuna ana aiki, in ya faɗi a gaya mai a fili kuɗinka ba su fita ba, suna nan. Kafin kuɗi su fita a nuna suna da hoton wanda za a tura ma da adadin, murya ta karanta. Ka gwada da kanka, ka kashe data ana cikin turawa ka ga abin da zai bayyana.

In ta USSD za ka bi don masu ƙananan wayoyi, wato lambobin nan masu farawa da * su ƙare da # da ake bugawa menu ya fito, shafi ɗaya bai wuce haruffa 182 ba kuma zaman na yankewa in an daɗe, mai karatu a hankali kafin ya kai zaɓi na shida an rufe, don haka zaɓi uku ko huɗu, wanda aka fi buƙata ya zama na 1, kuma kar ka riƙa canza musu lamba don mutane haddace jerin suke yi. SMS kuma haruffa 160 ne, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗinka su ƙaru. Wannan sai ka auna da kanka, ni a SMS ina barin ƙugiya in dai ma'ana ba za ta rikice ba, a cikin manhaja kuwa ina sa ta.

Mataki na 8: ka koma

Ka nemo sabbin mutum biyar, ba na farko ba don su sun riga sun koya, ka maimaita mataki na 5 da wayar a hannunsu. Bayan ka saki manhajar da sati biyu ko uku ka sake zuwa ba tare da dogon shiri ba ka ga ko ana amfani da ita ko an koma littafi. Da na koma wajen inna na tarar tana sawa a waya kuma tana sake rubutawa a littafinta, na tambaye ta dalili ta ce ɗana, in wayar ta faɗa ruwa fa, kuɗin mutane ne. Daga nan muka ƙara abu guda, duk yammacin ranar zubi manhajar na haɗa hoton lissafin ranar, inna ta danna sau ɗaya ya tafi gurup ɗin matan na WhatsApp, kowace ta ga sunanta da takardun kuɗin da ta zuba a gabansa.